BABI NA UKU: Tasirin Yanayin Zuciyar Mai Duban Karta a Kan Duban da Yake Yi wa Wasu

3.0 Gabatarwa

Duban karta sana'a ce da ta yi fice a ƙasashen Turai da Amurka. Mutum kan je wurin mai duba da matsalar da ta dame shi, ta aure ko ta neman abinci ko ta lafiya, shi kuma mai duban ya baza wasu katuna masu hotuna a kan tebur, ya fassara masa su. Masu wannan sana'a sukan ce katunan ne ke magana, su nasu isar da saƙo ne kawai. To amma mai isar da saƙon nan mutum ne mai zuciya, yana farin ciki, yana baƙin ciki, yana fushi, yana jin tsoro, yana kuma gajiya kamar kowa. A wannan babi za a yi ƙoƙarin bayyana yadda halin da zuciyar mai duba take ciki a lokacin aiki yake shiga cikin fassarar da yake bayarwa, da kafofin da yake bi ya shiga, da dalilin da ya sa da wuya a gane ya shiga, sannan da illar da hakan ke jawo wa wanda aka yi wa duban.

Ya kamata a fayyace tun daga farko cewa babin bai shafi gaskata duba ba. Matsayin Musulunci a kan duba sananne ne, ya hana yin sa, ya kuma hana zuwa wurin masu yin sa, domin sanin gaibu sai Allah. Abin da aka sa a gaba shi ne nazarin abin da ke gudana tsakanin mutum biyu da ke zaune a gaban katuna, ta fuskar halayyar ɗan'adam da sarrafa harshe. Duk inda aka ce "yanayin zuciya" ana nufin irin su murna da damuwa da fushi da fargaba da tausayi. Wanda ya kawo matsalarsa kuwa, za a riƙa kiran sa "mai neman duba".

3.1 Taƙaitaccen Tarihin Duban Karta

Karta ta shiga Turai ne a ƙarshen ƙarni na 14, daga ƙasar Masar ta zamanin daular Mamluk. A gidan tarihi na Topkapi da ke Istanbul akwai ragowar irin waɗannan katuna, masu alamu huɗu, wato kofuna da tsabar kuɗi da takubba da sandunan wasan folo. Wajen shekarar 1440, a fadojin arewacin Italiya kamar Milan da Ferrara, aka ƙara wa kartar wasu katuna masu hotuna na musamman, wannan ce ta zama kartar Tarot. Fiye da shekara 300 aka yi ana amfani da ita a matsayin abin wasa.

A ƙasar Faransa ne aka mayar da ita babban kayan duba. A shekarar 1781 wani malamin coci mai suna Antoine Court de Gébelin ya yi da'awar cewa hotunan Tarot sun ƙunshi asirin malaman tsohuwar Masar, ba tare da ya kawo wata hujja ta tarihi ba. Shi kuma Jean-Baptiste Alliette, wanda ya juya sunansa ya koma Etteilla, ya wallafa littafi a kan duba da karta a 1770, sannan a 1789 ya fitar da katunan da aka tsara domin duba. Shi ne ya yaɗa al'adar bai wa kati ma'ana ta daban idan ya fito a juye, kansa a ƙasa. Bayansa Marie Anne Lenormand (1772-1843) ta yi suna a birnin Faris, har ta riƙa cewa ta yi wa Josephine, matar Napoleon, duba.

A shekarar 1909 aka fitar da wasu katuna a Landan waɗanda Arthur Edward Waite ya tsara, Pamela Colman Smith ta zana. Waɗannan su ne suka fi yaɗuwa a ƙasashen da ake magana da Ingilishi, kuma da su za a yi misali a wannan babi. Muhimmancinsu shi ne, a mafi yawan katunan da suka gabace su, ƙananan katuna ba su da komai sai alamu, kamar kofi biyar ko takobi uku. Smith kuwa ta zana wa kowane kati hoton mutane ko wani al'amari mai sosa rai, wanda hakan ya ƙara buɗe wa mai duba fagen fassara.

3.2 Yadda Ake Gudanar da Duban

Cikakkiyar kartar Tarot tana da kati 78. Daga ciki 22 su ne manya, kamar katin Mutuwa da na Hasumiya da na Masoya da na Rana. Sauran 56 su ne ƙanana, an kasa su gida huɗu, kofuna da takubba da sanduna da tsabar kuɗi, kowane gida kati 14. Mai neman duba yakan faɗi tambayarsa, a cakuɗa katunan, sannan a zari wasu a jera su bisa wani tsari. Akwai tsari mai kati 3, wanda ake cewa yana nuna abin da ya wuce da abin da ake ciki da abin da ke tafe. Akwai kuma mai kati 10, wanda littafin Waite ya yaɗa.

Idan aka yi la'akari da lissafi, za a ga girman aikin da ya rage a wuyan mai duba. Hanyoyin da kati 3 za su iya fitowa a jere daga cikin 78 sun kai 456,456. Idan aka sa da juyewar kati, adadin ya haura miliyan 3 da rabi. Babu littafin da zai iya rubuta ma'anar kowace haɗuwa. Littattafan koyarwa suna ba da 'yan kalmomi ne a kan kowane kati shi kaɗai. Saboda haka, ɗinke katunan su zama magana ɗaya mai kan gado aiki ne da mai duba yake yi nan take, daga cikin kansa.

Har wa yau, lissafi ya nuna cewa a tsari mai kati 10, kusan sau 88 cikin 100 za a sami aƙalla kati ɗaya daga gidan takubba, wanda ake dangantawa da rikici da damuwa. Haka kuma kusan sau 88 cikin 100 za a sami aƙalla ɗaya daga gidan kofuna, wanda ake dangantawa da ƙauna da zumunci. Katin Mutuwa kansa zai fito kusan sau ɗaya a cikin duba 8. Ke nan a mafi yawan lokaci, kayan ƙulla labarin farin ciki da kayan ƙulla na baƙin ciki duk suna nan shimfiɗe a kan tebur ɗaya, sai wanda mai duba ya ɗauka.

3.3 Kafofin da Yanayin Zuciya Yake Bi

3.3.1 Zaɓen Ma'ana

Kusan kowane kati yana da fuska fiye da ɗaya. Alal misali, katin kofi biyar yana ɗauke da hoton wani mutum cikin baƙar alkyabba, ya sunkuyar da kai yana kallon kofuna uku da suka kife. A bayansa akwai kofuna biyu a tsaye, can nesa kuma ga gada a kan kogi. Mai duban da zuciyarsa ke cike da hasara, idonsa zai fi saurin sauka a kan ukun da suka zube. Wanda ya tashi da walwala kuwa zai nuna biyun da suka rage da gadar tsallakewa. Haka katin Mutuwa yake, ƙwarangwal ne sanye da sulke a kan farin doki, amma a can bayansa ga rana tsakanin hasumiya biyu. Ana fassara shi da ƙarewar abu, ana kuma fassara shi da sabon farawa. Duka fassarorin biyu karɓaɓɓu ne a sana'ar, don haka babu wanda zai ce mai duba ya karya ƙa'ida ko wacce ya ɗauka.

3.3.2 Ƙulla Labari

Kafa ta biyu ita ce wurin haɗa katuna. A ƙaddara wata mata ta zo tana tambaya a kan aurenta, sai aka zari katin Masoya, da na takobi uku mai hoton zuciya da aka soke, da na Rana. Wata mai duba da aurenta ya mutu kwanan nan saboda cin amana tana iya cewa an fara da ƙauna, ga cin amana nan a ɓoye, kuma ba da jimawa ba asiri zai tonu kamar fitowar rana. Wata kuma da ke zaune lafiya a ɗakinta tana iya cewa ƙauna ce mai tushe, an sami saɓani mai zafi, amma haske na nan tafe. Katunan ba su sauya ba, matar da ta kawo tambaya ba ta sauya ba, amma an sami labari biyu masu karo da juna. Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Mai duba ta farko maciji take gani a cikin tsumman wata.

3.3.3 Lafazi da Murya da Fuska

Ko da ma'anar da aka zaɓa ɗaya ce, yadda aka furta ta yana sauya nauyinta. "Akwai 'yar tangarɗa a gaba" da "akwai masifa a gaba" suna iya fitowa daga kati guda. Bugu da ƙari, akwai abin da ke fita ba da baki ba, kamar jan numfashi a lokacin da aka buɗe kati, ko yin shiru na ɗan lokaci, ko ɗaure fuska, ko kau da ido. Mai neman duba yana zuba wa mai duba ido ne fiye da yadda yake kallon katunan, domin shi bai san ma'anarsu ba. Labarin zuciya a tambayi fuska, saboda haka kafin a ce masa komai ya riga ya karanci wani abu.

Tarihin wani doki mai suna Hans a birnin Barlin ya nuna yadda irin waɗannan alamu ke fita ba da sanin mai su ba. Mai dokin, Wilhelm von Osten, ya yi imani cewa dokinsa ya iya lissafi, domin yakan buga ƙofato daidai adadin amsa. A shekarar 1907 Oskar Pfungst ya wallafa bincikensa, inda ya nuna cewa dokin yana lura ne da ɗan motsin kai da na jiki da mai tambaya yake yi idan an iso amsar. Idan mai tambayar bai san amsa ba, ko kuma dokin ba ya ganin sa, sai ya kasa. Idan har dabba za ta iya karantar irin wannan motsi, to mutumin da ya zo cikin damuwa, yana neman kowace irin alama, ya fi kusa da ya karance shi.

3.3.4 Ɓoyewa da Sassautawa

Kafa ta huɗu ita ce abin da mai duba ya zaɓi ya bari bai faɗa ba. Mai tausayi da yawa, ko mai tsoron ɓacin ran mutane, yakan tsallake katin da yake ganin mai ɗaci ne, ya dulmuya cikin masu daɗi. Mai fushi kuwa, ko wanda yake jin mai neman duba ya raina shi, yakan tsaya a kan mai ɗacin ya yi ta nanatawa, yana kiran hakan faɗin gaskiya.

3.4 Ire-iren Yanayin da Suka Fi Tasiri

Na farko shi ne baƙin ciki da sabon rauni, kamar rasuwa ko mutuwar aure ko karayar arziki. Haɗarinsa ya fi girma idan matsalar mai neman duba ta yi kama da ta mai duba, domin a nan ne yake da wuya ya bambance labarinsa da na wanda ke gabansa. Shawarar da yake so a ce shi ya bi a rayuwarsa, ita zai miƙa wa wani da sunan katuna.

Na biyu shi ne kusanci. Wanda yake yi wa ɗan'uwansa ko amininsa duba ya riga yana da ra'ayi a kan lamarin, yana kuma da abin da yake fata. Idan dama ba ya son mijin ƙanwarsa, da wuya katunan su yabi mijin nan a bakinsa.

Na uku shi ne gajiya. A shekarar 1983 Arlie Hochschild ta yi nazarin ma'aikatan cikin jirgin sama a Amurka, ta nuna cewa akwai sana'o'in da ake sayar da fara'a da kulawa a cikinsu, kuma tilasta wa zuciya nuna abin da ba ta ji yana gajiyar da mutum. A 1995 kuma Charles Figley ya fitar da littafi a kan gajiyar tausayi, wadda ke kama masu yawan sauraron bala'in wasu. Mai duban da ya wuni yana jin koke-koke, na ƙarshen zuwa ba zai sami irin kunnen da na farko ya samu ba. Ko dai a sallame shi da magana ta gama-gari, ko kuma a ɗora masa nauyin labaran waɗanda suka riga shi.

Na huɗu shi ne fargabar rashin kuɗi. Duba sana'a ce da ake biya, kuma mai ita yana buƙatar a dawo. Wanda kuɗin haya ya matsa wa yana iya karkata ga faɗin abin da zai faranta rai, ko kuma abin da zai tsorata har a sake dawowa, ko da bai ƙudurta yaudara a ransa ba.

3.5 Bayanin Masana Halayyar Ɗan'adam

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan batu ta fito ne daga gwaje-gwajen da masana suka ƙirƙira domin auna zuciyar mutum. A 1921 Hermann Rorschach ya fito da gwaji mai zanen tabon tawada guda 10, inda ake tambayar mutum abin da ya gani. A 1935 kuma Christiana Morgan da Henry Murray na Jami'ar Harvard suka fito da wani gwajin, inda ake nuna wa mutum hoton da ma'anarsa ba ta fito fili ba, a ce ya ba da labari a kansa. Tunanin da aka gina gwaje-gwajen a kai shi ne, idan hoto bai faɗi ma'anarsa ba, mai ba da labari zai cike giɓin da abin da ke ransa. Idan aka kwatanta da duban karta, za a ga cewa hotunan iri ɗaya ne wajen rashin fayyace ma'ana. Bambancin kawai shi ne, a wurin gwajin, wanda ake son a san zuciyarsa shi ke ba da labarin. A wurin duba kuwa, mai duba ne ke bayarwa. Ashe ke nan, bisa wannan ma'auni, zuciyar da ta fi bayyana a cikin duban karta ita ce ta mai duba, duk da cewa da sunan mai neman duba aka yi maganar.

Binciken Gordon Bower na Jami'ar Stanford, wanda aka buga a 1981, ya ƙarfafa wannan. Ya sa mutane cikin yanayin murna ko baƙin ciki ko fushi, sai ya ga sun fi tuna al'amuran da suka dace da yanayin da suke ciki. Waɗanda aka sa cikin fushi kuwa, labaran da suka ƙaga sun cika da gaba, kuma sun fi saurin ganin laifin mutane. Mai duba yana dogara ne ga tuna ma'anonin da ya haddace da kuma ƙaga labari nan take, wato ayyuka biyun da binciken ya nuna yanayin zuciya na juya su.

Likitocin da ke warkarwa ta hanyar tattaunawa sun daɗe da sanin wannan matsala a aikinsu. A 1910 Sigmund Freud ya yi gargaɗi cewa mara lafiya yana tayar wa likita da abubuwan da ke kwance a zuciyarsa, kuma wajibi ne likitan ya gane su ya shawo kansu. A 1950 Paula Heimann ta kawo wani ra'ayin, cewa abin da likita ke ji yana iya zama kayan aiki na fahimtar mara lafiya, muddin ya tsaya ya tantance shi. Wannan ya yi kusa da abin da masu duba ke kira "ji a jiki". Gaskiya ne mutum yana iya ɗaukar damuwar wanda ke zaune a gabansa, kamar yadda Elaine Hatfield da abokan aikinta suka yi bayani a 1994, cewa yanayin zuciya na yaɗuwa ta hanyar kwaikwayon fuska da murya ba da niyya ba. Sai dai tambayar da ta rage ita ce, wannan nauyin da mai duba ya ji, daga baƙonsa ya taso ko da shi ya kwana? Likita yana da horo na shekaru da kuma babba mai duba aikinsa domin warware wannan tambaya. Mai duban karta galibi shi kaɗai yake aiki.

3.6 Dalilin da Ya Sa Kuskuren Ba Ya Fitowa Fili

Ana iya tsammanin cewa idan mai duba ya ɗora wa mutum labarin da ba nasa ba, mutumin zai musa. Bincike ya nuna akasin haka. A 1948 Bertram Forer ya bai wa ɗalibansa 39 gwaji, daga baya ya miƙa wa kowanne takardar da ya ce bayanin halinsa ce shi kaɗai. Ya nemi su auna dacewarta daga 0 zuwa 5, matsakaicin makin da suka bayar ya kai kusan 4.3. Alhali takarda iri ɗaya ya bai wa kowa, kuma ya tsinto yawancin jimlolinta ne daga wani littafin taurari.

Ray Hyman, wanda daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Oregon, ya yi sana'ar duban tafin hannu yana saurayi, kuma ya yarda da ita saboda yadda mutane ke gaskata shi. Wani abokin sana'ar nishaɗi mai suna Stanley Jaks ya ba shi shawarar ya gwada faɗin kishiyar abin da layukan hannu suka nuna. Da ya gwada, sai ya ga gamsuwar mutane ba ta ragu ba. A maƙalarsa ta 1977 ya bayyana cewa mai neman duba shi ke yin babban aikin, domin yana laluben rayuwarsa ne ya nemo abin da ya dace da maganar da aka faɗa masa.

Abin da wannan ke nunawa shi ne, gamsuwar mai neman duba ba ta isa zama shaidar cewa fassara ta tsira daga son zuciyar mai duba ba. Matar da aka ce mata akwai cin amana za ta tuna daren da mijinta ya yi latti. Da an ce mata akwai haske a gaba, da ta tuna alherin da ya yi mata a makon jiya. Kowacce aka faɗa mata za ta ce an yi daidai, ita kuma mai duba ta ƙara sakankancewa da "jin jikinta".

3.7 Illa ga Mai Neman Duba

Galibi mutane ba sa zuwa duba sai suna tsaka mai wuya, lokacin da suke shirin yanke shawara a kan aure ko aiki ko dukiya ko jinya. A irin wannan hali magana tana da nauyi ƙwarai, ga shi kuma an lulluɓe ta da rigar gaibu. Da mai duba za ta ce, "Ni a ganina ki rabu da shi," da matar ta auna maganar a matsayin ra'ayin mutum, ta ɗauka ko ta bari. Amma idan aka ce katuna ne suka nuna, an toshe mata ƙofar musu. Daga nan zargi kan shiga gida, zargi ya haifi bincike da sanyin hulɗa, har abin da aka faɗa ya tabbata saboda an faɗe shi. Haka nan wanda aka kwantar wa da hankali don tausayi yana iya jinkirta zuwa asibiti, ko ya zuba kuɗinsa a inda bai kamata ba. Magana zarar bunu ce, mai duba zai huce daga ɓacin ransa bayan kwana biyu, amma wanda ya gina shawara a kan maganarsa shi zai ci gaba da zama da sakamakon.

3.8 Matakan da Masu Sana'ar Suke Ɗauka

Su kansu masu duban karta sun san da wannan matsala, kuma masu koyar da sana'ar suna ba da shawarwari a kanta. Daga ciki akwai ɗage aiki a ranar da mutum yake cikin fushi ko sabon rashi, da yin shiru da jan numfashi kafin a fara, da taƙaita yawan mutanen da za a gani a wuni, da ƙin yi wa makusanta duba, da ajiye littafin da ake rubuta yanayin da aka yi kowane duba a ciki domin a gane inda ake yawan karkata. Wasu kuma sukan tambayi mai neman duba abin da shi ya gani a hoton kafin su yi magana. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin masu duba suka rubuta wa kansu a Amurka da Ingila sukan nemi a tura mutum wurin likita ko lauya idan tambayarsa ta shafi lafiya ko shari'a.

Waɗannan matakai suna iya rage kaifin matsalar, amma ba za su kawar da ita ba, domin mutum ba ya ganin dukkan abin da ke motsi a ransa. Bugu da ƙari, kasancewar matakan kansu amincewa ce da cewa sakamakon duba yana sauyawa gwargwadon halin mai yin sa.

3.9 Kamanci da Bugun Ƙasa

Ko da yake duban karta ba al'adar Hausawa ba ce, yana da kamanci da bugun ƙasa, wanda Larabawa ke kira ramli. A can ma ana fitar da siffofi ne daga ɗige-ɗigen da aka yi a kan yashi ba da ƙirga ba, siffofin guda 16 ne, kowace tana da ma'anoni da aka haddace, sannan mai bugun ƙasa ya ɗinke su ya yi wa mai tambaya bayani. Duk inda aka sami alama mai ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya, da mutum guda mai ikon fassara ta, da wani mai damuwa da ke jiran amsa, kafofin da aka lissafa a 3.3 a buɗe suke.

3.10 Kammalawa

A wannan babi an kawo taƙaitaccen tarihin duban karta da yadda ake gudanar da shi, aka nuna ta hanyar lissafi cewa mafi yawan aikin fassara yana wuyan mai duba. An bayyana kafofi huɗu da yanayin zuciyarsa ke bi ya shiga fassarar, wato zaɓen ma'ana, da ƙulla labari, da lafazi da fuska, da kuma ɓoyewa. An kawo bayanan masana halayyar ɗan'adam da suka nuna cewa mai ba da labari a kan hoto mara fayyatacciyar ma'ana yana bayyana abin da ke ransa ne, kuma gamsuwar mai sauraro ba ta iya tona kuskuren. Daga abin da ya gabata ana iya cewa wanda ya je duban karta yana komawa gida ne da wani kaso na damuwa ko fatan mai duba, yana ɗaukar sa a matsayin labarin makomarsa.